Karsanar da Ta Shige Ƙarƙashin Ƙanƙara

Tsufa ya fara kwashe mini kaya ɗaya bayan ɗaya. Haƙora sun tafi, sunayen surukai sun bi su, faransancin da mushe, malaminmu, ya ɗura mini a 'yan shekarun da na yi a lakwal, makarantar boko, ma sai na gaisuwa ya rage. Amma akwai abu guda da na tabbata da shi za a kai ni kushewa: shekarar da na yi cigiyar karsana a kasuwar dabbobi ta Bande, karsanar da ba ta da ƙafa, ba ta da ƙaho, ba ta kuma taɓa ɗanɗana ciyawa ba.

Bari in fara da amaryata. Jikata nake nufi, 'yar babban ɗana, wadda tun tana goye nake ce mata amarya, ita kuma da ta yi baki ta ce ba ta auren mutumin da tuwo ma sai an jiƙa masa. Yarinyar nan ta yi lakwal a Magarya, ta wuce Damagaram, ta wuce Yamai, daga nan aka ba ta bursu, wato tallafin karatu, ta tsallaka ƙasar Turawa. Ni na gama shirina, likita za ta dawo ta duba mini gwiwa. Sai aka ce wai teku take karantawa. Ba ma tekun da ake kama kifi ba, wani ne can gindin duniya wanda sanyi ya daskarar da samansa. Yarinyar da duk ruwan da ta sani bai wuce tabkin bayan gari ba.

Ta yi ta ƙoƙarin fahimtar da ni a waya. Ta ce teku take ginawa a cikin ordinatar, wato kwamfuta, da lissafi zalla, sai ta sa masa iska da rana ta ga yadda zai zama a zamanin jikokinta. Na ce wato tekun ƙarya. Ta ce haka ne, kuma in ba a gwada shi da na gaske ba, a ƙarya zai zauna. Ta ce zafin ruwan can da gishirinsa suna da hannu a yanayin duniya baki ɗaya, har da daminar da muke ɗaga kai muna jira. Na ce to in ta ga mai riƙe da daminarmu a can ta gaishe shi, ta ce masa ya riƙa sammako.

Abin da suke gwajin da shi wani ƙarfe ne rawaya, tsayin mutum, kamar butelin gas da aka ja shi. Daga jirgin ruwa ake jefa shi, ya nutse ya bi ruwa yana auna zafi da gishiri, lokaci-lokaci ya taso ya aika labari ta tauraron ɗan'adam. In ƙanƙara ta rufe sama, sai ya riƙe labarinsa a ciki har ta narke. Manyanta na wurin aiki sun so a jefa ƙarafan duka inda aka saba. Ita kuwa ta kafe a kan wani lungu inda lissafinta ya nuna ruwan ɗumi yana lallaɓowa ta ƙasa yana cin ƙanƙara. Sun gargaɗe ta cewa a can ƙarfe kan shiga bai fito ba. Da suka ga taurin kan na gado ne, suka bar mata guda ɗaya.

Wata rana ubanta ya miƙo mini waya ya ce in ga hoto. Ga ta nan an naɗe ta kamar buhun gyaɗa, ido kaɗai a waje, ta dafa ƙarfen. A jikinsa kuwa, da baƙin fenti, an zana ƙafar zabo da sanda a gicciye. Shaidar gidanmu ke nan, wadda mahaifina yake sa wa shanunsa a cinya. Shekarun fari sun cinye garken nan tun ina da ƙarfina, ƙarfen shaidar yana ƙarƙashin gadona yana tsatsa, kuma ita ce take sato shi tana ƙarama ta riƙa buga shi a yashi. Na ce wa ɗana hayaƙin murhu ya yi yawa a gidan nan. A ranar na sassaƙa turke na kafa kusa da na awaki, na ɗaura masa igiya, na sanar da gida cewa duk dabbar da ke ɗauke da shaidarmu tana da mazauni.

Daga nan in ta kira, karsana, ƙarfen nan nata, nake fara tambaya kafin ita. Da ƙanƙara ta rufe, labari ya yanke, ta ce dama haka ake yi. Damina ta wuce, aka yi kaka, sanyinmu ya shigo, wanda su a can shi ne lokacin narkewa. Ƙarafan abokan aikinta suka yi ta tasowa. Nata shiru.

Kwatsam sai ga yarinyar a bayan kabu-kabu daga Magarya, ba sanarwa. Na tare ta da cewa amarya ta yi yaji ta gaji ta dawo. Sai ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Kaka." Da ladabi, har da sunkuyar da kai. Nan na san abin ya yi tsanani. Ta gaya wa ubanta cewa bursu ta kusa ƙarewa, aikin shekaru ba shi da shaidar da zai tsaya a kai, ga kunyar ƙarfen mutane da ta dage har ya salwanta. Ta ce ta haƙura da teku, an yi mata maganar wani aikin biro, na zaman ofis, a Yamai.

Da safe na fito na same ta a turken tana girgiza shi. Na tambaye ta wa ya ba ta izinin taɓa dukiyar miji.

"Kaka, ya ɓata. Ganin turken nan ciwo yake sa mini."

"Kin ga gawa?"

"A'a."

"Fata fa?"

Ta ce in daina wasa, ita ta san lissafin, kowace safiya damar raguwa take. Na ce ban musa ba, ni teku ko a mafarki ban sani ba. Na dai tambaye ta, a lissafin nata, ƙofa ta rufe ko da saura. Ta ce da sauran 'yan makonni kafin ƙanƙara ta sake haɗewa. Na ce to a gidan nan ba a tuge turke sai an yi cigiya an jira, kuma maganar biro ma ta jira tare da shi.

Ranar kasuwa na ce ta raka ni saboda gwiwa. Ita ba ta san abin da na shirya ba. Muna isa wurin dabbobi na sa aka ɗora ni kan amalanken jaki, na gyara murya, don a ƙuruciyata ni ake nema in dabba ta ɓata. Na ce jama'a ana cigiyar karsana rawaya, ba ƙafa ba ƙaho, ganin ƙarshe da aka yi mata tana shiga ƙarƙashin ƙanƙara a gindin duniya, shaidarta ƙafar zabo da sanda a gicciye. Wani dillali ya tambaya ko tana da ciki. Wani ya rantse ya ga mai kama da ita ɗaure a garin Waca. Amarya ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa, har na ji dariyar da na yi kewa ta fito.

Sai wani dattijon makiyayi ya matso, shi ba dariya yake ba. Ya ce rabonsa da jin an ambaci shaidar nan a kasuwa tun yana saurayi, ya san garken, ya san mai shi. Ya juya ya tambaye ta da gaske ina dabbar take, me ta je yi. Ta fara amsawa a takaice. Can sai na ga ta karɓi ƙanƙara a wurin mai ruwan sanyi, ta jefa a ƙwarya, dillalai sun kewaye ta tana nuna musu yadda ruwa ke cin ta ta ƙasa, muryarta har ta fi tawa. Ina zaune a kan amalanke na ce a raina wannan ba mai zaman biro ba ce.

Kullum da safe takan hau tudun da rezon waya ke kamawa. Sanyi na shirin tafiya, wata safiya ta dawo a hankali, ta zauna a ƙasa kusa da turken, ta kama igiyar.

"Angona," ta ce, "karsanarka ta taso."

Ruwa ne ya ja ta can nesa, inda ƙanƙara ta yi jinkirin narkewa, kuma ta fito da cikinta cike da labari. Abin da ya ɗaure mini kai, labarin ya nuna ruwan ɗumin yana nan, amma ba ta hanyar da ta lissafa yake bi ba, dole ta rushe rabin tekunta na ƙarya ta sake gini. Murna take kamar an yi mata kyautar mota. Ban taɓa ganin mutumin da aka ce masa ka yi kuskure ya nemi a dafa shinkafa ba sai ita.

Yanzu dakta ce, har ɗalibai gare ta. Na gaya wa duk Bande cewa cigiyata ce ta fito da ƙarfen, ita kuma ta ce ba za ta ƙaryata miji a bainar jama'a ba. Ina gode wa Allah da ya nuna mini shaidar mahaifina a jikin abin da ke tafiya, bayan na ɗauka ta mutu a ƙarƙashin gado, ina kuma gode wa yarinyar da ta tuna da ita a wurin da yatsu ke daskarewa. Abin da na koya shi ne, in naka ya yi nisan da iliminka ba ya kaiwa, ba sai ka gane aikinsa ba. Ranar da ya gaji, kai dai ka hana shi tuge turke. Gwiwa kuwa tana nan yadda take, har yau ba a duba ta ba.