Kandilon Shanun Goggo Adama

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Filinge, cikin bazarar da ta biyo bayan daminar 1973 da ta ƙi. Na shigo gida da rana tsaka ɗauke da ɗan ƙunshin ƙiraren geza wanda ko tukunyar miya ba zai tafasa ba, ƙafafuna duk ƙaya, leɓuna sun tsattsage. Tun da sassafe muka fita da 'yan matan unguwarmu, muka wuce tsauni, muka tarar wasu sun riga mu. Inna tana bakin murhu tana tsince jar dawar taimako da aka raba mana. Ta dubi ƙunshin, ta dubi ƙafafuna, ta miƙo mini moɗar ruwa. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Ke wagga, in haka abin zai tahi, lakwal ɗinki ta ƙare ke nan."

Ni kuwa ba abin da nake so irin lakwal, makarantarmu ta boko. Ina son ƙamshin alli, da layin da muke yi da safe ƙarƙashin dogon yaro, da langa da carafke da muke yi a rairayi kafin malaminmu, da muke kira mushe, ya buga ƙarfe. Amma Baba ya tafi kurmi neman abin da za mu ci, ƙannena ƙanana ne, kuma tukunya ba ta jiran a tashi daga aji. Kafin farin nan ba wanda yake tunanin itace. Bayan girbi kara yake jibge a bayan kowane gida, sabara tana nan bakin gona. Da fari ya zo aka ba dabbobi karan, aka sassare rassa saboda awaki, itacen da masu jakuna suke kawowa daga wajen Tabla kuwa ya fi ƙarfinmu. Ko ashana sai da dalili ake ƙyasta ta, da tsingaro muke zuwa ɗibar wuta a maƙwabta.

Washegari Inna ta kira maƙwabtanmu biyu. Ɗaya Bazabarma ce da muke kira Ta-Damana, mace mai dariya ko cikin wahala. Ɗayar kuwa Goggo Adama ce, Bafulatana doguwa mai shiru, wadda ta sauka bayan danganmu da 'ya'yanta biyu bayan garkensu ya ƙare, mijinta kuma ya bi sauran maza neman aiki. Inna ta ce a daina hura murhu uku, a haɗa girki a wuta ɗaya. "Wuta ba ta san ko tukunya ɗaya take dahwawa ko ukku ba," in ji ta. Ta-Damana ta amsa nan take. Goggo Adama ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana zanen ƙasa da tsinke, sannan ta ce, "Yaya, ni mi zan aza bisa wutarku? Ko tsaba ban da ita." Sai a lokacin na tuna an kwana biyu ban ga hayaƙi ya tashi daga bukkarta ba.

Inna ba ta yi mata maganar sadaka ba, don ta san da ta yi, matar za ta tashi ta tafi. Sai ta ce, "Mu muna da tsaba ba mu da wuta. Ke kin san inda shanu suka kwana shekara da shekaru. Ki kawo muna kandilo, shi ne naki rabon." Goggo Adama ta ɗago ido ta dube ta, ta ce to.

Ranar Alhamis da ba a zuwa lakwal, muka ari jakin gidan Ta-Damana, muka bi Goggo Adama arewa da gari. Mun yi tafiya mai nisa cikin daji fari fat, har muka isa wani fili da ke da guntayen turaku a kakkafe. A nan garkensu ya yi zamansa na ƙarshe. Busasshen kashin shanu ya rufe ƙasa, fale-fale kamar waina, ga ƙasusuwa a gefe rana ta wanke su. Na sa hannu zan fara tsinta, sai na ga ta tsaya cik. Ta taka zuwa wani turke ta dafa shi, ta ce a hankali, "Nan Woɗe take kwana. Da nononta na yaye ɗana." Ta matsa gaba ta ambaci wata, ta ambaci wata, cikin Fulatanci, kamar mai kiran su zuwa tatsa. Na tsaya da buhu a hannu ban san abin yi ba. Can ta share fuska da gefen zane, ta ce, "Tsinta, ɗiyata. Sun ciyar da mu da ransu, bari su ƙara ciyar da mu."

Da wannan kandilo muka ƙetare bazara. Inna ta kwaɓa laka ta zagaye duwatsun murhu don kada iska ta sace wutar. Dawa a jiƙa ta tun da wuri don ta yi saurin nuna, a rufe kowace tukunya da faifai. Tuwo ne farko, miya a gefensa, in harshen wuta ya faɗi Ta-Damana ta aza ganyen kwaɗonta bisa garwashi, daga ƙarshe a binne sauran cikin toka don gobe. Hayaƙin kandilo yana sa hawaye, Ta-Damana tana tari tana cewa shanun Adama ko a mace ba su bar tunkuyi ba, har ita Goggo Adama ta yi murmushi. Da an sauke, akushi uku ake jerawa, Inna ta raba daidai da bakunan kowane gida, ba a tambayar wa ya kawo me. Ni kuwa ban sake rasa aji saboda itace ba.

Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, mijin Goggo Adama ya dawo da 'yan awaki, suka koma wajen Sanam. Ranar tafiyarsu ta kama hannuna ta ce in riƙe karatu da kyau. Ban sake ganinta ba. Na gama lakwal, na koyar da 'ya'yan mutane har na yi ritaya.

Yau a Yamai nake. Tukunyar gas ce a madafina, jikata tana murɗa ta don ta ɗumama ruwan shayi kofi guda, ta bar fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa. Ina bin bayanta ina kashewa, tana dariya tana cewa tsoron takardar kuɗin kuran, wato lantarki, nake yi. Akwai wannan, ba na musu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a gidan hayar da muke ciki kowa da wutarsa a bayan ƙofarsa, kuma gas ba ya hayaƙi, balle ka gane gidan da ba a aza tukunya ba. Allah ya jiƙan Inna da Ta-Damana, ya saka wa Goggo Adama da alheri duk inda take. Da wutarsu na yi karatu.