Ɗanasabe Dillali da Wayoyin Surukansa

A Morai aka haifi Malam Ɗanasabe, wata Asabar da damina, amma mai nemansa karar dabbobi ta Talata Mafara yake nufa. Dillancin tumaki ya gada a wurin mahaifinsa, kuma a cikinsa gemunsa ya yi fari. Ranar Talata yana kara tun hantsi. Sauran kwanaki yana bisa tsohon babur ɗinsa tsakanin Bakura da Janbako, malafa a ka, igiya a kafaɗa, yana tsayawa gaisuwa da duk wanda ya ɗaga masa hannu. Gaisuwarsa kuwa ba ta ƙarewa sai ya tambayi lafiyar gida da gona da turke.

Da abu biyu aka san shi. Na farko, bai taɓa kushe dabba a gaban mai ita ba. In aka kawo masa rago ya rame har ana ganin haƙarƙari, sai ya shafa shi ya ce, "Wanga bawan Allah azumi yake yi." In mai ɗingishi ne, ya ce yana da natsuwa a tafiya. Na biyu, ba a cutarsa. Ya san masu ɗura wa rago kanwa da ruwa don ciki ya tashi a kasuwa. Saboda haka duk dabbar da ya yi kokwanto a kanta, ɗaure ta yake yi ya hana ta ci da sha. Kafin gobe gaskiyarta ta fito.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su shi da matarsa Kubura, duka mata. Hamdiyya ce ta fari, ba ya ma faɗar sunanta don kunya, sai dai ya ce 'yar Bakura, domin can take aure, gidan Malam Zaharaddeen mai koyarwa a firamare. Autar, Ikram, tana Maradun, gidan Nazir mai shagon yadi. Surukan nan biyu mutanen kirki ne, sai dai gasa suke yi da juna a kan Ɗanasabe. In wannan ya kawo shinkafa da Sallah, wancan zai iso da shadda. Gasar ta shiga tsakanin matansu, har ya zama yaya da ƙanwa ba sa kiran juna sai da dalili.

Wata Talata wani rago uda ya ja da baya ya zabga wa Ɗanasabe karo a ƙirji, daidai aljihun gaba. Shi dai ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. 'Yar ƙaramar wayarsa mai maɓallai ce ba ta tashi ba. Labari ya kai Bakura da Maradun tun kafin la'asar.

Washegari da hantsi babura biyu suka tsaya a ƙofar gidansa kusan tare. Surukan suka cire takalma, suka durƙusa a zaure, kowa da ɗan kwali a hannu. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka jajanta karon rago. Sannan Zaharaddeen ya tura nasa kwalin gaba.

"Baba, iyali suka ce a kawo maka. Androyid ce."

Nazir ya tura nasa ya wuce na farko da ɗan taƙi. "Ga wannan ma, Baba. Ayfon ce."

Ɗanasabe ya dubi kwalayen. Aljihun gaba ɗaya gare shi. Duk wadda ta shiga aljihun nan ranar Talata, kasuwa gaba ɗaya za ta gani, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yansa za ta sunkuyar da kai a gidan mijinta. Amma bai nuna komai ba. Ya ɗauki wayoyin ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya juya su, ya shafa gadon bayansu.

"Ina bakin wagga?"

Aka nuna masa ramin caji. Ya leƙa da ido ɗaya.

"Mi suke ci?"

"Wuta, Baba."

"Sau nawa a yini?"

"Tawa sau ɗaya," in ji Zaharaddeen da sauri. "In ba a matsa mata ba ta kwana biyu."

Nazir ya gyara hula. "Tawa gwargwadon aikin da ta yi ne. Amma Baba, in ka ɗauki hoton rago da ita, mai saye yana Legas zai ga gashin wuyansa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ranar da ka gaji da ita, darajarta ba ta faɗuwa a kasuwa."

"Wato balami ce," in ji Ɗanasabe, yana kwatanta su da irin tumaki. "Wagga kuwa 'yar ƙasa."

Kowannensu ya yi murmushi, domin kowa ya ɗauka shi aka yaba.

Ya ce musu layi biyu gare shi, ɗaya a Janbako ya fi magana, ɗaya kuma in an wuce Bakura. Zaharaddeen ya ce tasa duka biyun za ta haɗiye, ga wurin katin ajiya na karatu da wa'azi, ga rediyo. Nazir ya ce irin tasa layi ɗaya ake zura mata, amma ba ta buɗewa sai ta ga fuskar mai ita.

Ɗanasabe ya gyara zama. "Ta san mai ita? Da malafa ko ba malafa?"

"Ko ta yaya, Baba."

"Tawa ɗan yatsa take ji," in ji Zaharaddeen. Ɗanasabe ya dubi babban yatsansa da igiya ta cinye shekara arba'in.

"To, suna shiga garke? Abokaina a kara suna haɗa waya da waya su tura wa juna karatu."

"Tawa da kowa take cuɗanya," in ji Zaharaddeen.

"Tawa sai da 'yan uwanta," in ji Nazir. Ya saci kallon Zaharaddeen. "Shi ya sa ba ta kwaso cuta."

"Malam Nazir, wace cuta?"

"Ni ban kama suna ba, Malam."

Ɗanasabe ya gyaɗa wa wannan kai, ya gyaɗa wa wancan. Ya sa aka zura layi ɗaya a kowace waya, ya sa aka koya masa kunna cocila, ya sa musu albarka, ya ce zai duba.

Da suka tafi Kubura ta leƙo. "Malam, ka riƙe duka biyun mana."

"Wadda ta shiga aljihun gefe ta zama ta biyu ke nan. Ke ba ki san 'ya'yanki ba?"

Shi kuwa ya riga ya yanke shawara. Surukai sun yi bakinsu kamar yadda kowane mai dabba yake yi, saura gwaji. Wadda ta fi jure yunwa ita zai ɗauka, kuma ba wanda zai ce son kai ne. Ya kunna cocilar kowace don kada a ce zaman banza suka yi, ya jera su a akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo.

"Ba za a ba su ko ɗan abin taɓawa ba?" in ji Kubura.

"Kada ki kuskura."

Niyyarsa ya riƙa leƙa su safe da yamma. Sai dai ranar Alhamis aka aiko ana nemansa a Janbako, ya tafi da mabuɗin a aljihu. Aka kwana biyu ana sheƙa ruwa, hanya ta zama kunu, babur ya ƙi fita. Sai Litinin da almuru ya iso gida, taɓo har gwiwa.

A kwanakin nan Hamdiyya ta yi ta kiran layin da ke cikin wayar mijinta, ana ce mata a kashe take. Ikram ma haka. Ba wadda ta gwada ɗaya layin, don kada ta zama ita ce ta sa wayar mijin 'yar uwarta ta yi ƙara. Kowace ta zauna da abinta a rai: Baba ya zaɓi ta wancan gidan.

Talata da sassafe Ɗanasabe ya yi bisimilla ya buɗe akwati. Ya ɗauki ta farko ya latsa, shiru. Ya ɗauki ta biyu ya nuna mata fuskarsa, da malafa da kuma ba malafa, shiru. Ya girgiza su, ya kara a kunne.

"Kubura! Wacce ta fara mutuwa?"

"Ni da ba ni da mabuɗi?"

Yana tsaye da gawa biyu a hannu ya ji sallama. Babura biyu ne kuma, wannan karon kowane da mace a baya. Ya yi maza ya tura wayoyin ƙarƙashin buzu ya zauna a kai.

Gaisuwar ranar gajera ce. Ikram, da yake auta ce, ba ta jira ba.

"Baba, in ba ka son tamu ai sai ka faɗa. Kwana biyar ina kira a kashe."

Hamdiyya ta ɗago kai. "Ke har kina da bakin magana? Ke da taku take aljihu?"

"Wane aljihun, Yaya? Taku dai!"

"Tamu tun Juma'a ba ta shiga!"

Suka tsaya suna kallon juna, sannan duka suka juyo kan aljihun mahaifinsu. Ba komai a ciki sai ɓarin goro. Kubura ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ɗanasabe ya ɗan karkace, ya zaro wayoyin daga ƙarƙashinsa, ya ba da labarin gwajin tun daga farko.

"Da cocila a kunne?" in ji Nazir, muryarsa ta siranta. "Kwana shida?"

"Rago ma kwana ɗaya kake hana shi, Baba," in ji Zaharaddeen a hankali.

"Ruwa ne ya tsare ni. Yanzu dai sun mutu ke nan?"

"Suma suka yi. Wuta za a ba su."

Aka karɓo batirin sola a maƙwabta aka jona su. Ana nan zaune suka farfaɗo, kusan tare, kowane suruki yana rantsuwa tasa ce ta fara buɗe ido. Ɗanasabe yana kallonsu, irin kallon da yake yi wa masu saye a kara. Ya lura Zaharaddeen ya ɗauki Ayfon wai yana duba lafiyarta, alhali hoton kazar Kubura yake ɗauka, har sau uku. Ya lura Nazir ya cusa igiyar kunne a Androyid, ya kamo rediyo, ya manta inda yake.

Sai ya gyara murya.

"Na karɓi duka biyun. Nawa ne, Allah ya yi muku albarka. Amma ni turke ɗaya gare ni, kuma kun ga yadda na yi da su. Kiwo zan bayar."

Duk wanda ya tashi a karkarar nan ya san kiwo. Mai tunkiya ya kai ta gidan wanda ya yarda da shi, tana nan tasa, can take ci take kwana. Ba a ba wa kowa sai amintacce.

Ya ɗauki Ayfon ya ajiye gaban Hamdiyya. "Wagga ta tafi Bakura." Ya ɗauki Androyid ya ajiye gaban Ikram. "Wagga ta tafi Maradun."

"Baba, ka juya su," in ji Nazir.

"Ban juya ba. In na ba kowa tasa, mayar masa da kyauta na yi, ni kuwa ba na mayar da kyautar suruki. In na ba shi ta ɗan'uwansa, amana na ba shi. Kowace Talata a kawo mini su in duba ko sun rame. In kuma aka samu ƙaruwa, ɗan fari nawa ne."

"Waya ba ta haihuwa, Baba," in ji Zaharaddeen.

"A'a? Kai biyu na gani a aljihunka, shi uku. Daga ina suka fito?"

Zaharaddeen ya miƙa wa Nazir hannu suka tafa, kowa yana ƙoƙarin ɓoye murnarsa.

"To kai da me za ka riƙa kira?" in ji Ikram.

"Layukana suna ciki. Duk mai neman rago ya kira, ku ɗauka, ku gaishe shi da kyau, ku ce ina kara."

Ya sa malafa, ya saɓa igiya, ya tura babur waje. Bai kai ga tayar da shi ba wayar hannun Ikram ta ɗauki ƙara. Ta ja yatsa gefe, ta ƙi. Ta sake ja, ta ƙi.

Hamdiyya ta matso har kafaɗarsu ta haɗu. "Sama ake ja, auta, ba gefe ba. Kawo nan."

Murya ta fito da ƙarfi, wani Alhaji ne daga Gusau yana tambayar ko udan nan mai karo yana nan.

"Ki fara da gaisuwa!" Ɗanasabe ya ɗaga murya daga ƙofar gida. "Ki tambayi gida, ki tambayi gona!"

"Ina kwana, Alhaji," in ji Ikram, tana danne dariya, yayarta ta riƙe mata wayar a kunne. "Ya gida? Ya gona? Yaya, me kuma ake tambaya?"

"Turke," in ji Hamdiyya.