Kududdufin Bayan Unguwarmu

Shekarun baya, lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Malamata tana aiki ne a kan ruwan da mutane ke iyo a ciki. Ana ɗebo shi, a tace, a nemi wasu ƙwayoyin cuta na bairas waɗanda daga cikin ɗan Adam kawai suke fitowa. In an same su, to bayan gidan mutane yana shiga wannan ruwan. Tana gama bayani na ɗaga hannu na ce ina da ruwa a Daura.

Kududdufi ne a bayan unguwarmu, ramin da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Da rani akuyoyi ke kwana a ciki, da damina kuwa sai ya cika ya tumbatsa, bado ya rufe gefensa, balbelu su jeru a kan gawon da ke bakinsa. Ni ban taɓa shiga ba, matsoraciya ce ni tun ina ƙarama. Ƙawata ce mai iyo kamar tarwaɗa. Ni aikina in zauna a gaɓa in riƙe mata takalmi, ina kallon gajimare a cikin ruwa ina shirya waƙoƙin da ba wanda ya taɓa ji sai ita. Gaskiya ba don neman cuta na zaɓi kududdufin nan ba. So nake na'urar Kano ta shaida min cewa ruwanmu mai kyau ne, in sami abin yin alfahari.

A lokacin ƙawata ta riga ta yi aure, tana zaune a gidan da katangarsa ta baya ke kallon ruwan. 'Yarta ta fari sunana aka sa mata. Ranar da na fara zuwa da jarkoki da safar hannu da kular ƙanƙara, takwarar tawa tana ta fantsama a gefe da sauran yara, uwarta kuma ta leƙo ta kan katanga.

"Ke 'yar boko, yanzu har ruwan ma sai an kai shi makaranta?"

"Jarrabawa zai rubuta," na ce.

"To Allah ya ba shi sa'a, ya fi ki kai ai."

Haka na yi ta yi duk daminar. In ɗebo kafin ruwan sama, in ɗebo bayansa, in rungume kula a mota har Kano kamar mai ɗauke da jariri. A ɗakin gwaji aikin na shiru ne. Ka tace ruwa mai yawa har ya koma ɗan ɗigo, ka sa a na'ura, ka zauna jira. Ranar da sakamako ya fito malamata ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce akwai ƙwayoyin cutar, kuma sun fi yawa bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Na ce ko shanun da ake shayarwa ne a can gefe. Ta girgiza kai.

"Wannan ba ta saniya ba ce, 'yata. Ta mutum ce. Inda take kuma, masu kawo gudawa da ciwon shawara na iya biyo hanyarta. Me ake yi a unguwarku idan ruwa ya sauko?"

Na sani. Kowa ya sani. In hadari ya haɗu sosai, gidan da shaddarsa ta cika sai a buɗe ta a saki a lambatu, ruwa ya tafi da ita. Haka muka taso muka tarar. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ruwan ke tafiya da ita, alhali duk lambatun unguwar kududdufi suke gangarawa, har da na gidanmu.

Mahaifina na fara gaya wa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko launin ruwan ya sauya, ko warinsa, ko ɗanɗanonsa. Na ce a ido dai a'a. Ya ce to ruwa mai yawa irin wannan, abin da muka karanta shi ne yana nan da tsarkinsa. Na ce Baba, ba maganar alwala nake ba, maganar abin da yara ke haɗiya nake. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Sai na tafi wajen ƙawata, ina ganin ita kam za ta fahimce ni. Tana tankaɗen gari na zauna na kwashe komai na faɗa mata, na roƙe ta ta hana takwara shiga. Ta ajiye rariya.

"Wato mu ne ƙazaman? Don bayan gidana ke kallon ruwan?"

"Wallahi har da namu gidan."

"A ruwan nan na girma. Kina gaɓa kina riƙe min takalmi, me ya same ni? Kin je kin yi karatu, kin dawo kina ƙyamar mu."

Daga ranar ta daina leƙowa ta katanga. Magana ta zaga unguwa, mata suka sa min suna likitar kududdufi, in na shiga gidan suna sai a gaisa a juya. Da yamma nakan je in zauna ƙarƙashin gawo ni kaɗai. Ruwan yana nan da kyansa, gajimare na kwance a ciki kamar da, amma ni na riga na san abin da ke ƙarƙashinsu, kuma ba ni da wanda zan raba sanin da shi. Har waƙa ta ƙi zo min.

Damina ta zagayo, na gama makaranta ina gida. Wata rana hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mutumin da ke buɗe mana shadda ya yi sallama, na ji mahaifina ya ce masa ya bari, mota za a kira ta kwashe. Bai kalle ni ba.

Da ruwa ya ɗauke na fita, na bi ta ƙofar gidan ƙawata. A zaure na tarar da takwara zaune cikin babban baho, tana kuka tana dukan ruwa, ihun sauran yara na tasowa daga kududdufi. Uwarta na tsaye da bokiti. Ta gan ni, ta kau da kai, ta ce wa yarinyar, "Ga ta nan, ita ta ja miki. Ki yi mata kukan."

Iyakar abin da na samu ke nan. Yanzu muna gaisawa, muna zuwa bikin juna, amma ba mu koma kamar da ba, kuma yaran wasu gidajen suna nan suna iyo. Na koyi cewa mutum zai iya karɓar maganarka ya ƙi yafe maka faɗinta. Duk da haka, in na tuna yarinyar nan cikin baho tana hararata, sai in ji ko yau aka sake ba ni jarka zan je in ɗebo.