Abin da ke ƙarƙashin abayata

Shekarun baya, da muka gama sakandare, ƙawata ta dame ni sai mun je wani tsibiri na shaƙatawa da ake kai mutane a jirgin ruwa daga arewacin Jidda. Yayanta ne zai kai mu. Ni a unguwar Mahjar ta Jidda aka haife ni, ga teku nan kusa, amma ko ƙafa ban taɓa tsomawa a ciki ba. Kwana uku na yi ina lallaɓa mahaifiyata kafin ta ce, "To, ki je, amma banda rawar kai."

Ranar tafiya na makara. Ƙawata tana ta kirana a waya, yayanta yana danna hon kamar zai tashi unguwa. Sai na yi abin da kowace 'yar Jidda ta iya: na zura abaya a kan kayan barcina, na ɓalla maɓallai har wuya, na yafa mayafi, na sauko. Wa zai gani? Kayan barcin kuwa tsohuwar rigar ƙwallo ce ta yayana, hammata a yage, gaba duk tabon mai, sai gajeren wando wanda ko falo ba na fitowa da shi in Baba yana gida.

A tsibirin ana ba da hayar kekuna da ƙananan babura. Na ce mu ɗauki keke.

Ƙawata ta ce, "Keke a wannan zafin? Yalla, hau bayana, na iya babur."

"A ina kika koya?"

"Ai ba a koya, murɗawa kawai ake yi."

Yayanta ya samu inuwa ya miƙe ƙafa, ya ce mu dawo kafin la'asar. Ni kuma, da hankalina da komai, na hau.

Gaskiya wurin yana da kyau. Rairayi fari fat, ruwa garai-garai har kana hango kifi, ga bishiyoyi tsaye a cikin ruwan gishiri abinsu. Mun yi nisa har mun daina ganin 'yan yawo, sai kwale-kwalen masunta. Na saki jiki har ina ihu. Ban san gefen abayata yana lilo a kan tayar baya ba.

Sai ji na yi an fizge ni ta wuya. Tayar ta naɗe abayar, ta jawo ni ƙasa. Allah Ya taimaka ƙawata ta tsorata ta saki hannu, babur ya kife da mu a cikin rairayi. Ita ta miƙe tana kakkaɓe jiki, har da dariya. Ni kuwa kaina yana manne da taya, wuyan abayar ya shaƙe ni, numfashi sai da ƙyar.

Da ta ga idanuna dariyar ta tsaya. Ta ja, ta juya tayar, abin sai ƙara matsewa yake.

"Ɓalle maɓallan ki fita daga ciki! Halas, ya isa haka, bar abayar!"

Na ɗaga ido, sai ga masunta huɗu sun taho da gudu. Na ƙanƙame maɓallan da hannu biyu.

"Ba zan cire ba."

"Kin haukace ne? Fuskarki ta yi baƙi!"

Na ce da ita ƙasa-ƙasa, "Kayan barci ne a ciki."

"To sai me?"

"Rigar Yaya ce. Mai ɓulin."

Wallahi a wannan hali sai da ta ce, "Ke ma dai, mutum zai zo shaƙatawa da tsumma?" Ita da ta kayar da ni! Da ina da numfashi da na zage ta.

Masuntan suka kewaye mu, kowa da shawararsa. Wani ya ce a kwance tayar, wani ya ce a ɗaga babur ɗin. Suna ɗagawa ina jin wuyana kamar zai tsinke, amma ban saki maɓallan ba. Wani dattijo a cikinsu ya tsaya yana kallon hannuna, sai ya gane. Ya daka wa sauran tsawa da Larabci, ya ce kowa ya juya baya. Shi ma ya juya, ya miƙo wa ƙawata wuƙar da yake gyaran kifi da ita, ta bayansa.

"Ya binti, 'yata, yanka ki rabu da ita. Tufa ce."

Ta yanke abayar tun daga kafaɗa. Iskar da ta shiga ƙirjina a lokacin, ban taɓa shaƙar irinta ba. Dattijon ya cillo min wani zane mai ƙarnin kifi da suke rufe kaya da shi, na naɗe jikina. A haka na koma jirgi, 'yan mata masu turare suna matsawa gefe. Ƙawata tana ta cewa, "Amma dai kin ga na iya birki." Ban yi mata magana ba sai da muka yi wata guda.

Da na shiga gida mahaifiyata ta ɗaga haɓata, ta ga shatin da ya zagaye wuyana. Na zaci faɗan babur za ta yi. Da ƙawata ta kwashe labarin ta faɗa mata, sai ta zauna a bakin gado, ta ce, "Da gawarki aka kawo min, kin zaci rigar zan duba?"

Har yanzu in na tuna, ba faɗuwar ce take ba ni tsoro ba. Ina ji numfashina yana ƙarewa, mafita tana tafin hannuna, na ƙi, don kada wasu mutum huɗu da ba su san sunana ba su ga yagaggiyar riga. Haushin ƙawata ya daɗe da wucewa. Nawa na kaina ne ya ƙi tafiya, domin in an mayar da ni ƙarƙashin tayar nan yau, ban tabbata zan saki maɓallan ba.