Gwiwar Gwaggo da Jarrabawarmu

Ranar da na koma ɗakin kwanan ɗalibai, mota guda cike da mata ce ta raka ni. Daga gidanmu na Maamobi zuwa can ba wani nisa, in babu cunkoso kafin shayi ya huce ka isa, amma Mma, mahaifiyata, ta haɗa mini kaya kamar mai tafiya aikin hajji: bokiti, tukunya, garin rogo, soyayyen yajin nan shito a kwalba, har da muciya. Ni ce ta farko a gidanmu da ta samu shiga makarantar koyon jinya. Murna ta hana ni zama a kujera, ina ta leƙa taga kamar ban taɓa ganin titin ba.

Mu uku ne a ɗakin. Akwai 'yar Kumasi, Kirista ce, gajera mai yawan dariya, wadda tun ranar farko ta buɗe kwalbar shitona ba tare da ta tambaya ba. Akwai kuma 'yar Tamale, doguwa mai shiru, wadda in ta idar da sallar asuba ba ta komawa barci, sai littafi. Dukansu baƙi ne a Accra. Ni kuwa 'yar gari, sai na ɗora wa kaina aikin nuna musu ko'ina. Na kai su Circle gyaran waya, na kai su Zongo Lane duba leshi da mayafi, ranar Laraba muka kutsa kasuwar Nima, muka sha fura a Kotobabi wajen wata ƙawar Mma. Ga shi duk ƙarshen mako Mma na aiko da kula cike da shinkafa da wake ko tuwo da miyar ayoyo. Ba a jima ba ɗakinmu ya zama dandali. 'Yan matan benen duka sun san ƙofarmu, ana zaune a kan gado da ƙasa, ana hira da Hausa da Twi da Turanci a cakuɗe.

Na ji daɗin wannan rayuwa ƙwarai. 'Yar Tamale ce ta fara gajiya. Wata rana ta ce mana, ba faɗa ba, ita dai mahaifinta ba hira ya turo ta yi ba. Muka zauna muka yi shawara, muka tsayar cewa daga safe zuwa la'asar ƙofa a rufe take, bayan la'asar duk mai zuwa ya zo. Tsarin ya zauna, sai dai ni da 'yar Kumasi mukan riƙa duban rana muna jiran kiran salla.

Ana cikin haka aka sa ranar auren yayata, ɗiyar Gwaggo, wadda muka tashi ɗaki ɗaya da ita. Da aka faɗa mini a waya sai da na yi tsalle a kan katifa. Bayan na sauko ne 'yar Tamale ta tuna mini cewa washegarin bikin za mu rubuta jarrabawar sassan jikin ɗan Adam, darasin da kowa ke tsoro, mai sunaye na Latin da ba sa zama a ka. Ta ce ita ba za ta je ba. 'Yar Kumasi kuwa kafin a gama maganar ta riga ta tambayi launin yayi, wato ankon da za a ɗinka. Muka yi ta lallashin 'yar Tamale har ta yarda, da sharaɗin littafi zai bi mu duk inda muka sa ƙafa.

Ranar lalle muka isa gidan Gwaggo a Nima da hantsi. Tsakar gida ba wurin taka ƙafa. Ga manyan tukwane a kan wuta, ga mata na yanka albasa, ga amarya a lulluɓe a kan tabarma. Mai lalle ta kama mu ɗaya bayan ɗaya. Ni da 'yar Kumasi aka zana mana hannu biyu har gwiwar hannu, muka zauna da hannaye a sama ba damar taɓa komai. 'Yar Tamale ta ba da hagu kawai, ta buɗe littafi da dama, ta fara jefo mana tambayoyi ƙasa ƙasa: ƙasusuwan wuyan hannu, jijiyoyin kafaɗa, abin da ya haɗa cinya da ƙwauri. Muna amsawa muna kuskure, tana gyara mana.

Gwaggo na zaune kusa da mu a kan kujera 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa da ya daɗe yana damunta. Ta saurare mu na ɗan lokaci, sannan ta tambaya ko addu'a muke yi da wani yare. Na ce mata karatu ne, sunayen abubuwan da ke cikin jiki muke haddacewa. Sai ta ja zaninta sama kaɗan, ta turo mana gwiwar.

"To ga jiki nan, ku bar takarda," in ji ta. "Ku faɗa mini me ke ƙara a nan ciki in na zo yin sujada."

'Yar Tamale ta ajiye littafin, ta durƙusa, ta ɗora yatsa a kan ƙoƙon gwiwar ta tambaye ni sunansa. Na faɗa. Matan da ke kusa suka fashe da dariya, wata ta ce sunan ya yi daɗi, in surukarta ta haifi mace shi za ta raɗa mata. Gwaggo ba ta yi dariya ba, bayani take so. Dole na nemo kalmomin Hausa na gaya mata yadda ƙashi biyu ke haɗuwa, da guringuntsin da ke tsakaninsu, da yadda yake cinyewa in shekaru sun ja. Ina cikin faɗa na ji abin ya zauna mini a kai yadda bai taɓa zama ba a aji.

Daga nan wuri ya rikice. Wannan ta kawo kafaɗa, wata ta miƙo wuyan hannu, waccan ta juya baya ta ce ƙugunta ne, wata tsohuwa ta buɗe baki ta nuna muƙamuƙi. Muka ce musu mu fa ɗalibai ne, ba mu ba da magani, suka ce sun ji, su dai a faɗa musu sunan. 'Yar Kumasi na yi wa wasu bayani da Twi, hannayenta a sama, tana nuni da haɓa. In ta ƙare sai ta ce da 'yar Hausar da ta tsinta, "Hajiya, ka gane?" Su kuma su amsa mata sun gane. Ita kanta amarya ta zuro ƙafa daga cikin lulluɓi, muka lissafa mata ƙasusuwan idon sawu. Har lallenmu ya bushe ba mu sani ba.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure da safe, da rana aka kafa rumfuna a kan layi, aka kunna kiɗa. Mu uku cikin yayi iri ɗaya. Abin da ban zata ba, 'yar Tamale ce ta fara shiga fili. Ashe gwanar rawa ce. Mata suka kewaye ta suna guɗa, ni da 'yar Kumasi muka bi bayanta muna kwaikwayo. Na yi rawa har ɗankwalina ya zame.

Bayan la'asar Gwaggo ta aiko a kira mu. Ta riga ta sa an cika mana kula da abinci. Ta ce mu kama hanya. Na ce Gwaggo ai ba a kai amarya ba, ni kuwa tun muna yara na yi wa yaya alkawarin da ni za a kai ta. Ta ce in shiga in tambayi yayar. Na shiga ɗaki, yaya ta riƙe hannuna ta ce, "Tafi ki yi karatu. Gidan nawa ba gudu zai yi ba, ke za ki fara kwana a ciki in kin gama." Na ɗan yi hawaye, na fito. A cikin trotro, motar haya, muna rungume da kula muka ci gaba da yi wa juna tambayoyi, fasinjoji na waiwayenmu.

Da safe muka shiga ɗakin jarrabawa da hannaye jajaye. Ko tambaya ɗaya ba ta fito a kan gwiwa ba. Wuyan hannu ya fito, kafaɗa ta fito, na amsa su ina ganin fuskar matan da suka miƙo mana nasu. Sai kuma ga doguwar tambaya a kan ƙoda. Da muka fito 'yar Kumasi ta ce laifin matan Nima ne, ba wadda ta kawo mana ƙodarta. Muka yi dariya har muka zauna a kan matakala.

Dukanmu mun ci. 'Yar Tamale ta fi mu maki nesa ba kusa ba, ni na tsaya a tsakiya, kuma na gode Allah. Da hutu ya zo 'yar Kumasi ta je da kanta ta roƙi Mma ta bar ni in bi ta garinsu. Mma ta yi mata tambayoyi a kan gidansu da inda zan yi salla, sannan ta yarda. Muka hau babbar mota a Circle da sassafe. Ban taɓa fita daga Accra ba sai ranar, na kuwa roƙi 'yar Kumasi ta bar mini kujerar taga.