Hancin Tonton Sossa

Ranar Laraba da hantsi na ɗaga kai na ga 'yan acaɓa sun cika layinmu da rigunansu masu ruwan ɗorawa, babu wanda ya ɗauko fasinja. Na gaba yana rungume da wani jan tanki da ya lotse. Na gane tankin.

Tonton Sossa yayan mahaifiyata ne. Ya shekara talatin yana wankin tankin babur a unguwar Akpakpa da ke Kwatano. Fetur ɗin kwalba na bakin titi ba ya rasa ruwa a ciki, ruwan kuma ya cinye tanki da tsatsa. Sai Tonton ya zuba tsakuwa da tsofaffin kusoshi a tanki, ya ɗora a kafaɗa ya yi ta girgizawa, masu wucewa suna tafa masa wai yana rawa. Ya wanke da ruwan batir, ya ɗauraye, ya shanya, sannan ya zuba gam ya jujjuya har ya bi ko'ina. Daga nan ya rataye shi a bishiyar mangwaro, baki ƙasa. Ba ya ba da tanki sai ya cusa hanci ciki ya shinshina. In akwai sauran wari, ko kuka za ka yi sai gobe.

Ni kuwa na gama digiri a fannin sinadarai, shekara biyu babu aiki, mahaifiyata ta tura ni wurinsa. Akowe yake kirana, wato ɗan boko.

"Tonton, gwangwanin gam ya ce kwana ɗaya ya isa."

"Wanda ya rubuta ya taɓa yin damina a Kwatano? Rigarka ma kwana nawa take yi ba ta bushe ba?"

Ranar Asabar kafin wannan Larabar Tonton ya tafi jana'iza ƙauye. Setonji, mai jan tankin, ya zo yana rawar jiki.

"Akowe, kwana biyu ba na kan titi. 'Ya'yana takardarka za su ci?"

"Tonton bai shinshina ba."

"Kai da digiri kake jiran hancin tsoho? Ko na kanti ka sayo?"

Na sa yatsa a bakin tankin, na ji ya bushe. Na sauke masa.

Ashe can ciki gam ɗin ɗanye ne. Fetur ya ɓare shi, ya toshe hanyar mai, babur ya mutu a tsakiyar gada, babbar motar da ke bayansa ta banke Setonji.

Ranar Larabar, Agbo, shugaban 'yan acaɓan, ya jefa tankin a gaban Tonton. Ya zaro gam ɗin daga ciki kamar fatar maciji.

"Tsoho, aikinka ne?"

Tonton ya dawo tun Litinin, ya ga igiyar babu tanki, bai ce min komai ba. Yanzu ya dube ni. Ni na dubi takalmina.

"Daga rumfata ya fita," in ji shi.

"Ina hancin da ake ta yabo? Ku kawo shi ya shinshina mu gani."

Mutum uku suka danne shi, suka dulmiya fuskarsa a robar ruwan batir. Wani yana ƙirgawa da ƙarfi, sauran suna danna ham don kada a ji ihunsa. Mai sayar da kunun masara ta gefe ta rufe tukunyarta kawai. Ina tsaye. Agbo ma ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ɗan makaranta, matsa kada ya fallatsar maka a riga." Na matsa.

Yanzu Tonton yana kwance a ɗakin mahaifiyata, fuska naɗe da bandeji. Jiya ta kawo masa tuwon masara da soyayyen kifi, ƙamshi ya cika ɗakin, amma ya tambaya me aka kawo. Ta fita tana tsine wa 'yan acaɓa. Da ya ji mu biyu ne, sai ya juyo inda nake.

"Akowe."

"Na'am, Tonton."

"Me gwangwanin ya ce a yi yanzu?"



Setonji yana asibiti, yau kwana shida bai farfaɗo ba. Shi kaɗai ya rage da zai iya faɗar wanda ya sauke masa tankin. Agbo ya ce da zarar ya buɗe baki za su zo su gaya mana abin da ya ce. Da safe matarsa ta aiko cewa ya motsa yatsu. Likita ya ce a jira zuwa la'asar.