Kwaɗin Mama Saloma

Mama Saloma matar soja ce a Zuru. Mijinta ya tafi yaƙin Laberiya bai dawo ba, ya bar ta da 'ya ɗaya, Gladys, da ɗan fili a bayan gida. Katanga ce kawai ta raba gidana da nata, don haka ba labari aka ba ni ba.

Kabewa take shukawa, da kuɓewa da yakuwa. In kabewa ta kwana biyu ta fara ruɓewa, ba ta zubarwa. Sai ta raba ta biyu, ta kwashe 'ya'yan don iri, ta kife sauran a gindin shuka. Kwaɗi su shige ƙarƙashi su sha sanyi, bushiya ma ta zo cin rabonta, su kuma su cinye mata tsutsa da gyare. Mu muna ta fama da maganin feshi, ita ko kwalbar ba ta taɓa riƙewa ba, kuma miyarta ta fi tamu.

A daminar 2004 wani malamin firamare daga Manga, Haggai, ya fito neman auren Gladys. Yarinyar na sonsa kamar me. Gwaggonsa ta zo ganin gida, ta zaga baya, ta sa ƙafa ta ture wani ɓawon kabewa. Kwaɗi suka watso. Matar ta kurma ihu ta fice ko sallama babu. Ba a yi sati ba jikanta ya kwanta da zazzaɓi, kamar dai yaran kowa a damina. Shi ke nan, aka ce Saloma mayya ce, kwaɗi take kiwo. Dangin ango suka ja baya.

Gladys ta daina cin abinci. Na ji ta tana kuka tana cewa, "Mama, don Allah ki raba mu da abubuwan nan."

"To, ɗiyata. Mi ya fi ki?"

Washegari Saloma ta aro tankin feshi ta goya, ta bi lambun kaf, har ƙarƙashin kowane ɓawo. Da rana ta yi, na ga tana tsince gawar kwaɗi cikin kwando, da bushiya guda da 'ya'yanta. Wallahi na tausaya mata. Ta aika can Manga cewa a zo a duba, gida ya tsarkaka.

Gwaggon ba ta ma zo ba. Saƙo ta aiko da ɗan acaɓa, shi kuma ya faɗa a ƙofar gida, kowa na ji: matar da ta iya kashe abin da ta yi shekaru tana kiwo da hannunta, in ta sami ɗan wani fa?

Haggai ya auri wata a Ribah kafin Kirsimeti.